Hamidu Bai Saki Igiya Ba

Kwana takwas munka yi bisa buhunan albasa kafin mu kai Ankara ta bakin teku, ni da Hamidu. Kamiyon wani ɗan Galmi ne, babbar motar kaya, ya ɗauke mu don mu riƙa tsaron kaya in an tsaya. Rana ta dafa mu, albasa ta dafa mu daga ƙasa. Tun daga Gaya har Kwatano kowane shinge sai an sauke mu, a juya katinmu gaba da baya kamar za a ga wani abu sabo a ciki. Warin nan ya shiga fatarmu, har munka yi wata guda a Ankara mutane na matsawa in mun zauna kusa da su.

Ni Sha'aibu ne, mutumin Tajaye. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, abin da na samu ke nan nake rubuta wannan da shi. Hamidu ɗan goggona ne, taubashina, damina ɗaya ya ba ni. Ginin rijiya ne sana'arsa tun yana saurayi. Rabin rijiyoyin lambunan Badagishiri da hannunsa a ciki. Da masu injin foraj na haƙa rijiya sunka shigo, aiki ya ja baya, ga hatsi bai yi ba a shekarar. Yana da mata, Rabi, da ɗiya huɗu, ga uwarsa Goggo Hajo wadda shi kaɗai ya rage mata namiji. Shi ya sa munka fito, mu biyu, da furfura a gemu, lokacin da sa'o'inmu ke aika ɗiyansu.

A Lome munka fara ganin teku. Ina kwance na rufe fuska da rawani, ya taka ni da ƙafa.

“Bawa, tashi ka ga tabkin da ubanka bai taɓa gani ba.”

“Uban nawa kawunka ne, marar kunya.”

“Ai shi ya sa na san bai gani ba.”

Na tashi. Na zuba wa ruwan ido. Shi ko ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tsaki.

“Dubi ruwa har haka, ba ko kunyar albasa ɗaya a bakinsa. Asara.”

A kasuwar albasa ta Ankara wani Alhaji ɗan ƙasarmu ya karɓe mu. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da dangi a Malbaza. Ya ce mu kawo katinmu ya aje mana don kada su ɓace. Mako uku muna sauke buhu daga safe har la'asar. Da munka yi maganar lada sai ya ce abinci da wurin kwana fa, su ba lada ba ne? Katin ma ya hana. Hamidu ya je ya zauna a ƙofar rumfarsa, duk wanda ya zo ciniki sai ya gaishe shi da ladabi ya ba shi labarinmu daga farko. Kafin azahar Alhaji ya jefo mana katin a ƙasa. Mun duƙa mun ɗauka. Wanda ya fara cutarmu a ƙasar mutane da Hausa ya cuce mu, wannan ban manta ba.

Wani Bazabarme mai shayi ya ce mu gangara Coko, bakin teku, masunta kullum suna neman hannu.

Coko hayaƙi ne kafin komi. Murhunan banda jere bisa jere, mata na juya kifi a kan raga, idonsu ja wur. Gidajen katako da kwano sun matse har sai ka bi ta gefe. Aladu na kiwo a bakin ruwa kamar awaki, ranar farko Hamidu ya kusa komawa. Sai jirage, dogaye, kowane an sassaƙa cikinsa daga icce guda da aka kawo daga kurmi, an yi masa fenti da tutoci da rubutu. Mutanen wurin Ga ake ce musu. Su ke da ƙasar tun Ankara ba ta zama birni ba. Wani abin da ya ba mu mamaki, da yawansu miji na gidan ubansa tare da maza, mata na gidan uwarta tare da mata, abinci kawai ke tafiya tsakani. Hamidu ya ce in ya koma gida zai kai wa Rabi wannan shawara, a ga ko zai kwana da kunnuwansa.

Wanda ya ɗauke mu aiki wani tsoho ne, Ata Okai, mai jirgi biyu. Ya bar shiga ruwa saboda gwiwa. Uwarsa ta yi tallan kifi a Sabon Zango, can ya tsinci Hausa, irin tasu wadda mace ma “ya” ake ce mata. Ya dubi hannuwanmu, bai dubi fuskarmu ba, ya ce mu zo gobe.

Aikin shi ne jan jirgi. Idan jirgi ya dawo daga su, wani ya faɗo ruwa ya kawo igiya, mu kuma a tudu mu kama, mutum ashirin ko fiye. Ba da ƙarfi kawai ake yi ba. Sai raƙumin ruwa ya turo jirgin sannan a ja gaba ɗaya. In ruwan ya juya yana komawa, a sassauta, in ya yi tsanani a saki ɗungum, a jira na gaba. Haka har jirgi ya hau gungume a tura shi tudu. Bayan nan mu ɗauki daron kifi a ka zuwa wurin mata.

Ni na koya da wuri, don ni mai amalanke ne, na saba da jakin da ke ja da baya. Hamidu ne matsala. Yana kama igiya sai ya naɗe ta sau biyu a wuyan hannu ya kafa diddige. Kwana na biyu Ata Okai ya gani, ya buge masa hannu da sandarsa.

“Aboki, kwance! Wa ya koya maka?”

“Wanda ya koya mini ya fi ka sanin igiya, Baba.”

“Igiyar mi?”

“Ta rijiya. Mutum na ƙasa gaba ashirin, ransa na hannunka. In ka saki ka yi kisa.”

Ya nuna masa tabon da ya zagaye hannunsa. A Bazaga ne, rijiya ta rufta da abokin aikinsa a rataye, shi kaɗai ya riƙe shi har mutane sunka zo daga gona. Igiyar ta ci fata ta kai nama. Duk ƙasarmu an san wannan labari, shi ne abin alfaharinsa.

Tsohon ya dubi tabon da kyau, ya girgiza kai.

“Rijiya ba ya ja. Wannan yana ja. In ya ja, ka ba shi. Mu da aka haifa a nan ba mu gardama da shi.”

“To Baba, na ji.”

Ya ji ɗin. In tsohon na kusa sai ya kama yadda ake so. Amma in ja ya yi ja, hannun da kansa yake naɗewa. Na yi masa magana ya fi sau goma. Sai ya ce, “Bawa ba ya koya wa ubangijinsa aiki.”

Wata bakwai munka yi a Coko. Ba zan ce mun ji daɗi ba. Muna kwana a wata rumfar da ake aje koma, gishiri ya fasa mana ƙafa, dokunu, tuwonsu na masara mai tsami, ya ƙi zama a cikina har wata biyu. Fura nake mafarki. In na rufe ido tsakar rana sai in ga garkar gidanmu da inuwar iccen bedi. Amma akwai mutane. Akwai Anti Dede, mai banda, ƙatuwar mace mai muryar maza. Murhunta ya tsage, Hamidu ya nemo laka ya gyara mata shi yadda ya fi sabo. Daga ranar ta ware mana tukunya wadda ba a taɓa sa alade a ciki ba, ta ɗaura mata jan tsumma a hannu don kada a haɗa. Ba ta jin Hausa sai kalma biyar, biyu daga ciki zagi ne. Tana kiran Hamidu mijinta. Shi kuma in ya karɓi kifi sai ya ce mata da Hausa, “Allah ya shirye ki, uwar hayaƙi,” ta ce amin da ƙarfi.

Da lokacin damina ya gabato sai unguwar ta yi tsit. Suna da wata guda da sarakunansu ke hana kiɗa da hayaniya, kafin bikinsu na shekara wanda suke yi wa yunwa ature. Hamidu ya so ya ga wannan biki. Ya ce mu yunwa ta kore mu daga gida, su kuma har ranar zaginta gare su, ya kamata a koyo. Amma wayata ta yi ƙara, wana ya ce an yi ruwan shuka a Tajaye. Munka sa ranar Alhamis za mu kama hanya. Hamidu har ya sayi atamfa ya sa a jaka.

Ranar Litinin bayan azahar babban jirgin Ata Okai ya dawo. Tekun lokacin nan ba ya da kirki, ruwan ya yi duhu, yana tashi ya fi tsawon ɗaki. Mu kaɗan ne a igiya, ba mu kai goma sha biyar ba. Hamidu na gaba, kusa da ruwa, ni ina bayansa da mutum uku. Munka ja sau ɗaya, sau biyu. A na uku wani babba ya zo ta gefe, ya juya jirgin, ya kwashe shi baya. Na ji Ata Okai ya yi ihu. Kowa ya saki. Ni ma na saki.

Hamidu bai saki ba. Na ga diddigensa biyu suna tsaga rairayi kamar garma, ya jingina baya, haƙora a cije. Shi kaɗai yana so ya riƙe jirgin da mutum goma ke ciki. Na kira sunansa. Kafin in rufe baki yana cikin kumfa, jirgin kuma ya ɗaga ya sauko daidai inda yake.

Samari sun faɗa ruwa nan take. Na ga kansa sau ɗaya, can bayan inda ruwa ke karyewa, fuskar na kallon sama, hannu ba ya motsi. Wani raƙumin ya rufe shi. Jirage uku sunka yi ta kewaya wurin har rana ta faɗi. Da aka jawo igiyar ba kowa a jikinta.

Ban kira gida ba. Mi zan ce? A wurinmu mutum in ya mutu da safe, kafin la'asar an wanke shi, an sallace shi, an rufe, kowa ya ga inda aka sa shi. Daga nan mace ta shiga takaba, uwa ta karɓi gaisuwa. In babu gawa babu ko ɗaya. Rabi za ta zauna ba ita ga mai miji ba, ba ita ga wadda mijinta ya mutu ba. Goggo kuma na san ta. Don haka na sa a raina ba zan buɗe baki ba sai na sa shi a ƙasa da hannuna.

Da gari ya waye na tarar da Ata Okai zaune a gindin jirgi. Duk jiragen na tudu, an juye injuna, maza sun baje koma suna ɗinki.

“Baba, a fitar da jirgi.”

“Yau Talata.”

“Na san Talata ce. Ɗan'uwana na cikin ruwa.”

“Talata ba a shiga teku, aboki. Wata bakwai kana nan.”

Na sani mana. Kowace Talata hutu muke, mu yi wanki, mu je zango mu sha fura ta gero mai tsada. Sun ce ranar ta mai tekun ce, yana hutawa da ɗiyansa, kifi. Tun kakannin kakanninsu haka ake, daga nan har iyakar gaɓar. Da can abin dariya ne a wurinmu. Ran nan bai ba ni dariya ba.

“A jirginka ya mutu. Jirginka yake riƙewa.”

“Na sani.”

“To tashi ka ba da umurni.”

“Ko na ba da, ba mai shiga. Ko ni na faɗa ruwa jiya, yau ba mai shiga.”

Na faɗa masa maganganu. Na ce musu arna, na ce kifi ya fi mutum daraja a wurinsu, na ce da ɗan Ga ne da tuni an tura jirgi. Na ɗaga murya a watan da ba a ɗaga murya. Masu ɗinki sun tsaya suna kallona. Tsohon ya bari na gama.

“Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kwana biyu a ruwa Talata ya zo. Mun zauna kamar yau. Uwana ya yi birgima a nan wurin da kake tsaye.”

Na juya na tafi. Na hau har Sabon Zango a ƙasa, na sayi farin yadi, na gaya wa limamin wani ƙaramin masallaci abin da ya faru don su zama cikin shiri. Niyyata in dawo in bi gaɓa ni kaɗai, ban ma san ta wane gefe zan bi ba.

Da na dawo hantsi ya ɗaga. Na tarar an naɗe koma. Maza sun fi talatin a tsaye, waɗansu da gora, waɗansu da igiya a kafaɗa, har da waɗanda ban taɓa magana da su ba. Ata Okai ya ɗaure gwiwarsa da tsumma.

“Ruwa aka hana,” in ji shi. “Ba a hana ƙafa ba. Da yau Laraba ne duk suna can cikin teku, da ba ka samu ko mutum uku ba. Mu je. Gabas yake kai abin da ya ɗauka.”

Kafin mu tashi wani dattijo mai fararen kaya, ba takalmi, ya zo da kwalbar giya. Na tare gabansa. Na ce Hamidu musulmi ne, bai taɓa sha ba, ba za a zuba masa ba. Ata Okai ya kama hannuna ya ja ni gefe.

“Ba don shi ba ne. Tsakaninmu ne da teku, muna roƙo ya mayar. Kai ka roƙi naka.”

Ya zuba tasa a rairayi yana magana ƙasa-ƙasa. Ni na juya gabas na karanta abin da na iya. Anti Dede ta ɗora wa wani daron dokunu da kifi a ka, ta dafa kafaɗata, ta faɗi wata doguwar magana da yarensu. Ban ji ko ɗaya ba. Hawaye na bin hayaƙin fuskarta.

Munka kama gaɓa, a baje, waɗansu a bakin kumfa waɗansu a tudu, ni da likkafani a hammata. Inda ruwan birni ke zubowa cikin teku munka fi daɗewa. Baƙin ruwa ne mai wari, leda da tsumma da takalma sun taru sun yi tudu. Mutanen nan sun shiga har gwiwa suna tona da gora. Ban roƙe su ba.

Jemstawun ce tasha ta biyu, tsohuwar unguwarsu, inda gidan kakannin Ata Okai yake. Akwai doguwar hasumiyar fitila mai ja da fari, da gidajen bene na katako da sunka tsufa sunka karkace, da manyan gidajen dutse na Turawa a kan tudu. Mun zauna a inuwa don gwiwarsa. Ban tambaye shi komi ba, shi ya yi ta magana, ina jin don kada in yi tunani ne. Ya ce a nan birnin ya fara, daga bukkokin masunta. Ya ce ubansa na cikin masu tuƙa kwalekwale zuwa manyan jirage su sauko da kaya, lokacin duk arzikin ƙasar ta nan yake shiga. Da aka gina tasha a Tema sai komi ya tashi ya bar su da kifi, kifin ma yanzu manyan jiragen waje na kwashewa, koma ta fito rabi leda. Ya nuna gidan dutsen da sanda.

“Can ciki an tsare mutane kafin a sa su jirgi. Da yawa daga arewa aka kawo su. Wataƙila da naku.”

Na dubi bangon. Ban ji komi ba, gaskiya. Mutum ɗaya nake nema.

Sarkin masuntan wurin ya saurari Ata Okai, ya kira mutanensa, waɗansu sunka bi mu. Haka aka yi a Osu, haka a La. Ko'ina ka je maza na zaune kan koma don Talata ce, ko'ina sai an tashi an ƙaru. Inda duwatsu ko katangar gwamnati ta tare gaɓa mu hau titi mu sake gangarowa. Masu motoci na leƙo mu, taron masunta ba kiɗa ba waƙa, da Bahaushe ɗaya a tsakiya.

Bayan La wani ya ɗaga gora ya yi kira. Wani abu ne baƙi, kumburarre, ruwa na juya shi a tsakanin duwatsu. Na tsaya daga nesa. Ina roƙon Allah ya zama shi, ina roƙon kada ya zama shi, duk a numfashi ɗaya. Da aka jawo, tunkiya ce.

La'asar sakaliya munka kai Teshi. A bakin titi akwai masassaƙa masu yin akwatin gawa. Na ga ɗaya siffar kifi, ja, da ƙaya da ido da komi, wani siffar jirgi da ƴan mutane a ciki. Ata Okai ya ce babban masunci in ya mutu a irin wannan ake sa shi, don ya tafi da sana'arsa. Na tsaya ina kallo. Da Hamidu na nan da ya ce a yi masa na guga. Sai da na ji dariyar a maƙogwarona sannan kuka ya zo, karo na farko tun jiya. Na zauna a bakin kwata na yi shi. Masunta sunka kewaye ni sunka ba titi baya don kada masu wucewa su gani.

Ba mu same shi ba ran nan. Laraba jirage sun fita, kowane da saƙon ya duba. Ni na ci gaba da bin gaɓa, Nungwa, Tema, har gaba da nan. Na kira wana ranar Alhamis ɗin da ya kamata mu taso, na ce ya gaya musu Hamidu ya faɗa ruwa ana nema. Ata Okai ya raka ni wurin ƴan sanda sunka rubuta takarda. Ya raka ni ɗakunan aje gawa biyu, ana jawo mini mutanen da ba nawa ba. Sau ɗaya an kira mu an ce teku ya fito da wani. Matashi ne, danginsa na can kafin mu iso.

Kwana goma sha biyu, tsohon ya zaunar da ni.

“Aboki, wanda zai mayar, kwana uku ne, ko biyar. Wani yana riƙewa. Wana ma bai mayar ba. Tafi gida ka yi shuka.”

Na ce masa ya yafe mini abin da na faɗa ran Talata. Ya ce bai ji ba, Hausarsa ba ta kai nan ba.

Likkafanin na bar wa limamin zango, na ce in wani baƙo ya mutu ba shi da kowa a sa masa. Anti Dede ta cika kwando da bandar kifi ta ɗinke bakinsa, ta nuna yatsu huɗu, wato na ɗiyansa. Na ɗauki jakata da tasa. Hanyar dawowa ban riƙe komi nata ba, sai dai a kowane shinge in an ce jakar wa ce wannan, sai in ce ta ɗan'uwana ce, yana baya.

Na iso Tajaye hatsi ya kai idon sawu, ana noman fari. Gonar Hamidu maƙwabta sun shuka mata. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, ana jirana.

A zauren Goggo aka taru, liman da wana da dattijai uku. Goggo na zaune a bakin ƙofa ta ciki, Rabi na bayan zana, ina ganin ƙafafunta. Liman ya rantsar da ni, ya ce in faɗi abin da idona ya gani, kada in ƙara kada in rage, don a kan maganata za a yanke. Na faɗa. Na faɗi igiya, na faɗi jirgin da ya sauko a kansa, na faɗi fuskar da hannun da ba ya motsi, na faɗi kwana goma sha biyu. Na faɗi cewa ni na saki. Na miƙa takardar ƴan sanda, ba mai iya karanta ta, liman ya riƙe ta dai. Sannan ya ce a ganinsa wannan mutuwa ce, Allah ya jiƙan Hamidu. Dattijai sunka shafa.

Goggo ba ta shafa ba.

“Sha'aibu.”

“Na'am, Goggo.”

“Ka ce ka bi bakin ruwan.”

“Na bi, Goggo. Har ƙafata ta fashe.”

“Wane bakin? Na wajenku?”

“Shi ne.”

“To ƙetaren fa? Ka je ƙetaren ka duba?”

 Ita duk ruwan da ta sani a duniya, tabki ne ko gulbin damina, in mutum ya faɗa ta nan ana zagayawa a tsaya masa ta can.

“Goggo, ba irin wannan ruwan ba ne. Ba a ganin ƙarshensa.”

“Ban tambaye ka gani ba. Yana da ƙetare ko ba ya da?”

Da na iya ƙarya da na ce babu. Amma yanzu na gama rantsuwa a gaban liman.

“An ce akwai. Amma jirgin ƙarfe ma sai ya yi makonni bai kai ba. Mutum ba ya…”

“Ashe akwai,” in ji ta. Ta dafa ƙasa ta tashi. “Yaron da ya riƙe ƙato a rijiya shi kaɗai. Kada wanda ya yi mini gaisuwa.”

Ta shige. Muna zaune ba mai kallon wani. Can sai hannun Rabi ya fito ta ƙarƙashin zana, ta aje ƴan kunnenta da warwaronta a ƙasa. Ta ce da murya ƙasa, “Malam, daga yau zan fara ƙirga ko daga ranar?” Liman ya ce daga ranar.

Rabi ta yi takabarta ta fita. Bayan shekara biyu ta yi aure a Illela, ta tafi da ƙaramar, manyan uku suna wurina. Ban sake zuwa kurmi ba, amalankena nake bi.

Goggo har yau ba ta karɓi gaisuwa ba. Idonta ya fara rufewa, amma kowace kaka, in an gama girbi samari sun taru bakin hanya da jakunkunansu, sai ta fito da sandarta. Ta bi su ɗaya ɗaya tana tambaya wa zai je Ankara. In ta samu, ta riƙe masa riga ta ce in ya je ya daure ya ƙetara ya duba mata, dogo ne, baƙi, da tabo a hannun dama. Su ce to, Goggo. Ni ina tsaye da jakina a gefe, wani lokaci su dube ni, in kau da kai.